Tarkon shan hantsi na kunkurun ruwa: yana kamu, amma shi kaɗai ba ya share tafki

Masu sayar da kayan tafki da na kiwon kifi suna tallar wani tarko da ke zama a kan ruwa don kama kunkurun ruwa mai jan kunne (saboda jan zanen da ke bayan idonsa), wanda masana ke kira Trachemys scripta elegans. Tallar tana cewa ba ya buƙatar abinci a ciki, ba ya kashe abin da ya kama, kuma jefa shi kawai za a yi a ruwa a tafi gida. Magana ta farko da ta biyu suna da gaskiya, muddin an kula da shi. Ta ukun ce ke sa mutane su saya, su yi wata guda ba su ga ko ɗaya a ciki ba, su ja shi gefe su ce kayan banza ne.

Asalin wannan kunkuru kwarin kogin Misisifi ne a Amurka, har zuwa arewa maso gabashin Meziko. Cinikin dabbobin ado ne ya watsa shi duniya. Tsakanin 1989 da 1997 kaɗai an fitar da sama da miliyan 52 daga Amurka. Ana sayensa ɗan ƙyanƙyasa, kore shar, tsawonsa kamar santimita 3. Bayan 'yan shekaru mace ta kai santimita 25 zuwa 30, tana ɓata ruwan akwatinta kullum, tana cizo, ga shi tana iya yin shekara 30 a duniya. Sai mai ita ya gaji, ya kai ta tafki ya sake, yana ganin alheri ya yi mata. Yanzu ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika, kuma yana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 kuma ta haramta sayar da jinsin gaba ɗaya da hayayyafa shi da sakinsa. A Japan, inda ma'aikatar muhalli ta ƙiyasta a 2016 cewa akwai kusan miliyan 8 a ruwayen ƙasar, an hana sayarwa da shigowa da saki tun 1 ga Yuni 2023, amma aka bar wanda yake da shi a gida ya ci gaba da riƙewa, don kada tsoron doka ya sa a zubar da su a koguna dare ɗaya.

Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Sai ya hau itace ko dutse ya sha rana kafin abinci ya narke masa, ƙwai su ƙosa a cikin mace, ƙoƙon bayansa ya bushe daga gansakuka da matsattsaku. Mai jan kunne ya fi yawancin kunkurayen gida, wato 'yan asalin wurin, girma da rashin kunya, don haka shi ke mamaye wuraren hantsi masu kyau. A gwajin da aka yi a tafkuna a Faransa, kunkurun tafki na Turai da aka haɗa da shi ya rame, mace-macensa kuma suka ƙaru. A mashigar ruwan jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da aka kwashe mafi yawan baƙin, kunkurayen gida sun ƙara nauyi. Yana hawa sheƙar tsuntsayen ruwa da ke yawo a kan tafki ya nutsar da ƙwai. Ƙananansa suna cin talibambam da 'ya'yan kifi da ƙwarin ruwa, manya kuma sun fi cin tsirrai. Manoman saiwar bado a Tokushima ta Japan sun daɗe suna kuka da yadda yake datse musu sabon toho. Wannan kwaɗayin hantsi shi ne lagonsa, kuma a kansa aka gina tarkon.

Yadda aka ƙera shi

Firam ne mai kusurwa huɗu na bututun roba irin na PVC da aka liƙe da gam, yawanci kusan mita ɗaya kowane gefe. A ƙarƙashinsa kwandon raga ne mai zurfin santimita 50 zuwa 60, samansa a buɗe. Daga waje akwai katakon hawa biyu da ke gangarowa cikin ruwa, sai katakon kwanciya da ya ratsa ta saman kwandon. Kunkuru ya hau, ya kwanta, in ya gama ko wani motsi ya razana shi sai ya zame cikin ruwa, ya faɗa kwando. Santsin bututun ne ke hana shi fita. Ba ƙofa, ba ƙugiya, ba abin da ke rufewa.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai katako tsayayye, akwai mai katakon da ke kifewa a kan hinji da zarar kunkuru ya wuce tsakiya. Mai kifewar ya fi burgewa a bidiyon talla, shi ne kuma ya fi ba da wahala a ruwa. Ƙaramin kunkuru ba shi da nauyin da zai kifar da shi. Katako yana kumbura in ya jiƙa, gansakuka ta cika hinjin, sai ya daina motsi ko ya tsaya a karkace. In iska ta taso yana bugawa, ƙarar kuma tana korar waɗanda ake jira. Sannan ɗaya ne kawai ke faɗawa a lokaci guda, saura su watse. Mai katako tsayayye yana barin biyar ko shida su taru su kwanta tare, in aka razana su mafi yawa su faɗa ciki. Don aikin wata da watanni, shi ya fi.

Inda ake rage kaya

Kaurin bututu shi ne abin da za a fara aunawa, domin a nan masu ƙira ke tsimi. Bututu mai faɗin santimita 10 yana riƙe iskar kusan lita 8 a kowace mita, wato firam mai mita huɗu yana iya ɗaukar kusan kilo 30. A cire nauyin bututun da kwando da jiƙaƙƙen katako, abin da ya rage ya isa manyan mata da yawa su hau lokaci guda, kowace kilo 2 ko fiye, firam ɗin bai nutse ba. Bututu mai santimita 7.5 kusan rabin wannan yake ɗauka. Da shi, in kunkuraye uku suka taru a gefe ɗaya sai gefen ya sunkuya, na cikin kwando su bi ta nan su fice. Ana son bututun ya ɗago sosai a saman ruwa ko da an yi masa lodi.

Sai mahaɗar kusurwa. Yawancin tarkunan da suka nutse ta nan ruwa ya shiga, saboda an shafa gam ba a goge bakin bututun ba, ko an huda shi da sukuru wajen ɗaure katako. Kafin a kai shi tafki a danna kowace kusurwa cikin ruwa a duba ko kumfa na fita. Wanda aka cika cikinsa da kumfar roba ko rufaffun gorunan roba ya fi aminci, don ko ya tsage ba zai tafi ƙasa da abin da ke ciki ba. Duk katakon da za a ɗaure, da maɗauri za a zagaye bututun, kada a huda.

Ragar waya mai rufin roba, mai ido santimita 2.5, ita ce daidai. Mai ido santimita 5 tana barin ƙanana su sulale, matsakaita kuma su cusa kai ko ƙafa su maƙale a ƙarƙashin ruwa su mutu. Ragar zare ba ta da nauyi kuma tana naɗewa, amma tana rufta wa abin da ke ciki in igiyar ruwa ta tura ta, farata kuma suna sarƙewa a jikinta. Waya marar rufi tana fara tsatsa daga wurin walda, ta fi saurin lalacewa a ruwa mai ɗan gishiri.

Akwai wani kuskure da ake gani ko a tarkuna masu tsada: a naɗo ragar ta bi ta saman bututun, ko a jera maɗauran roba a gefen ciki. Wannan tsani ne aka yi wa kunkuru. Namiji yana da dogayen farata a ƙafafun gaba, ƙaramin abu ya samu ya kama sai ya ja jikinsa ya fita. A ƙasan bututun ya kamata raga ta tsaya, gefen ciki ya zama sumul. Wanda ya riga ya sayi irin wancan zai iya gyarawa da siririn falle na roba ko kwano da zai leƙo ciki kamar santimita 5 a kewaye.

Katakon hawa kuwa sau da yawa gajere ne kuma a tsaye yake da yawa. Ƙarshensa ya kamata ya shiga ruwa santimita 10 zuwa 15, gangararsa kada ta wuce digiri 30, fuskarsa kuma ta zama mai kaushi. Goggen katako yana yin santsi da zarar gansakuka ta kama shi. A lulluɓe shi da ragar waya mai ƙananan idanu, ko a maye shi da itace mai ɓawo. Baƙi-baƙin katako ya fi fari jan su, don ya fi saurin ɗaukar zafi.

Girkawa

Rabin nasarar tarkon a nan take, takardar da ke cikin kwalin kuma da ƙyar take ba shi layi biyu. Kafin a sa shi, a yi 'yan kwanaki ana kallon tafkin daga nesa da madubin hangen nesa, daga hantsi zuwa azahar, a ga inda suke taruwa. Can za a kai shi. Sannan a janye kututture da rassan da suka saba hawa a kusa, na ɗan lokaci. Kunkurun da ke da itacensa na shekara da shekaru ba zai bar shi ya hau farin bututun da bai sani ba. Inda akwai kunkurayen gida sai a bar musu wasu wuraren nesa da tarkon, kada maganin ya zama shi ne cutar.

A nisanta shi daga gaɓa kamar mita 3 zuwa 5, inda rana ke dukansa tun safe, iska ba ta kaɗawa sosai, mutane da karnuka ba sa wucewa. Ruwan ya fi kwandon zurfi, da rara saboda lokacin da tafki zai ja baya. In kwandon ya zauna a ƙasa firam ɗin yana karkacewa. A ɗaure shi da bulo biyu a kusurwoyi masu fuskantar juna don kada ya riƙa juyawa. Igiyar ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na zurfin ruwan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: gajeriyar igiya, in ruwa ya ƙaru cikin dare, za ta ja tarkon ƙasa, duk abin da ke ciki ya mutu, na gida da baƙo.

Sabon tarko yakan yi mako ɗaya ko biyu kafin su yarda da shi. Kada a matsar da shi a wannan lokacin, kada kuma a kankare dattin katakon. Bayan ya fara kamu, a duba shi kowane kwana biyu, kullum in ana tsananin zafi ko in dokar wurin ta ce haka. 'Ya'yan agwagwa da kwaɗi suna faɗawa su kasa fita, kuma in kunkuraye suka yi yawa a kwando suna hawa bayan juna su tsallake. Wajen zuwa dubawa, a tunkare shi a fili daga gefen katakon hawa, don waɗanda ke kwance su zame zuwa ciki.

Abin da yake kamawa da abin da yake bari

Babbar fa'idarsa a kan sauran tarkuna ita ce yana kama mata da matasa sosai, mata kuwa su ne aikin. Mace tana yin ƙwai 2 zuwa 23 a zubi ɗaya, tana iya zubi har sau biyar a shekara, kuma tana ajiye maniyyin namiji a jikinta ta ci gaba da yin ƙwai masu rai bayan an kwashe mazan. Shi ya sa lokacin da ya fi riba shi ne farkon ɗumi, lokacin da suka fito daga sanyi suna yunwar rana, kafin su fara hawa tudu yin ƙwai. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 sun lafa, tarkon zaman banza yake. A tsakiyar zafi ma kamu yana raguwa, don ruwan kansa ya ishe su ɗumi.

Makonnin farko kwando yana cika, daga nan sai ya riƙa ja baya. Mai tarko ya ɗauka sun ƙare, alhali masu wayo ne suka rage, musamman waɗanda suka taɓa faɗawa suka tsere. 'Yan ƙyanƙyasa da ke ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa ba sa zuwa tsakiya. Ƙwan da ke binne a tudu, wani lokaci ɗaruruwan mita daga ruwa, zai fashe bayan kwana 60 zuwa 90 ba ruwansa da tarko. A yankin Balensiya na Sifen da kudancin Fotugal, wani shirin yaƙi da wannan jinsi mai suna LIFE Trachemys ya kama kusan baƙin kunkuraye 23,000 daga 2011 zuwa 2013, da tarkuna iri-iri da tonon ramukan ƙwai, kuma duk da haka jinsin bai ƙare a can ba. Wanda ya ga wannan adadi ba zai yarda da tallar da ke cewa kwando ɗaya zai share masa tafki ba.

Jinsunan da ba su cika hawa tudu shan rana ba kusan ba sa shiga. Kunkuru mai cizo na Amurka, Chelydra serpentina, wanda ya kafu a tafkin Inba na Japan, a ƙasan ruwa yake wuni. Haka ma masu taushin baya. In su ne matsalar, kuɗin wannan tarko asara ne.

Abokin aikinsa shi ne tarkon raga mai zobba uku ko huɗu da baki mai tsukewa, wanda ake rataya wa gwangwanin kifi da aka huhhuda a ciki. Wannan yana kamu tun daren farko, ya fi jan maza da masu zaman ƙasa, amma haɗarinsa ya fi yawa. Dole samansa ya fito daga ruwa ko a sa masa goruna a ciki don abin da ya shiga ya sami numfashi, kuma dole a duba shi cikin kowace awa 24. Yana kuma kwaso kifi da duk wani mai son warin kifi. Wanda ba zai iya zuwa tafki kullum ba, na shan hantsi ne nasa.

Hannu da cuta

Takardar tarkon ba ta cewa komai a kan wannan, kuma laifi ne babba. Kunkuru mai cikakkiyar lafiya yana ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsa, yana fitar da ita a kashi, ta kama ƙoƙon bayansa da ruwan da yake ciki. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta mutum kusan 280,000 ke kamuwa da ita a shekara ta hanyar kunkurun ado da ake ajiyewa a gida a Amurka, yawancinsu yara, abin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta hana sayar da duk wanda bayansa bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, a 1975. Kwandon da kunkuraye goma suka kwana biyu a ciki, da bokitin da aka kwashe su, cike suke da ita. Alamun suna fitowa daga awa 6 zuwa kwana 6: gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, na tsawon kwana 4 zuwa 7. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, da wanda ya kai 65, da mai raunin garkuwar jiki, tana iya shiga jini. Waɗannan kada su taɓa tarkon ko abin da ya kama.

A sa safar hannu ta roba mai kauri, kada a ci ko a sha ko a taɓa fuska sai an wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. A riƙe kunkuru ta gefen baya na ƙoƙonsa, kansa yana kallon waje, don wuyansa ya fi yadda ake zato tsawo, ƙafafun baya kuma suna yaƙushi. Bokiti da raga a wanke su a waje, nesa da inda ake wanke kwanuka: a fara cire laka, a jiƙa minti 10 cikin bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a ɗauraye sosai a shanya. Ruwan wankin kada ya koma tafki, kulorin yana kashe kifi da talibambam. Haka za a yi wa tarkon kansa kafin a kai shi wani tafki, domin baƙon yana ɗauke da tsutsotsin da ke tsallakawa zuwa kunkurayen gida. A Galisiya ta Sifen an danganta mutuwar kunkurun tafki na Turai da wata tsutsar jini mai asali daga Amurka.

Bayan an kama

Tun kafin a biya kuɗin tarko ya kamata a san amsar wannan. Da farko a tabbatar da abin da ke hannu. Jan zane a bayan ido, layukan rawaya a wuya da ƙafafu, ƙirji rawaya mai baƙin tabo a kowane yanki, gefen baya na ƙoƙo mai ɗan tsage-tsage: wannan shi ne. Tsofaffin maza suna yin baƙi har jan ya ɓace, nan ne ake rikita su da na gida. Ɗan'uwansa mai rawayan ciki, wanda 'yan kasuwa suka koma sayarwa a Turai bayan haramcin 1997, tabon rawaya gare shi a maimakon ja, ɓarnarsu kuma ɗaya. Duk wanda ake shakka a ɗauki hotonsa sama da ƙasa a nuna wa hukumar kula da namun daji. Na gida a mayar da shi nan take, a inda aka kama shi.

Baƙon ba a kai shi wani tafki, ba a ba wa yara kyauta. A ƙasashe da yawa ɗaukarsa da rai ma sai da izini, kafa tarkon kansa haka. Wuraren da ke karɓar su yawanci a cike suke, don haka a tambaya tukuna. In kashewa ce mafita, aikin likitan dabbobi ne. Nutsarwa da sakawa a firiza azaba ce mai tsawo, saboda jikin kunkuru yana jure rashin iska da sanyi na dogon lokaci.

Ga ƙaramin tafki rufaffe, wanda ba ya haɗe da kogi, inda aka ga kunkuraye kaɗan kuma ba su fara hayayyafa ba, wannan tarko ya cancanci kuɗinsa, yana ma iya gama aikin cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga babban ruwa mai mashigai, ko wurin da aka riga aka ga 'yan ƙyanƙyasa, kayan ragewa ne kawai, sai an haɗa shi da tarkon zobba da neman ramukan ƙwai kowace shekara, an kuma sa tarko ɗaya a kowane wurin da suke taruwa. A zaɓi mai bututun santimita 10 ko fiye, ragar waya mai rufi da ido santimita 2.5, da katako tsayayye. A saye shi da igiya mai tsawo da bulo biyu, domin ba sa zuwa a cikin kwalin.